Kakin Soja a Harabar Makaranta: Tarbiyya ce ko Farautar Kurata?

A dubban makarantun sakandare na Amurka akwai rana guda a mako da wasu ɗalibai ke shiga aji sanye da kakin soja, takalma sun sha goga, ana jiyo amon faretinsu daga filin wasa. Malaminsu tsohon soja ne da ya yi ritaya. A wata ranar kuma, a bakin ɗakin cin abinci, sai ga wani saje da ke bakin aiki ya kafa tebur, ya jera takardu da 'yan kyaututtuka, yana tambayar yara abin da suka shirya yi bayan kammala karatu. Na farkon shi ne shirin horar da ɗalibai da ake kira JROTC. Na biyun jami'in ɗaukar kurata ne. Amurkawa sun daɗe suna ja-in-ja a kan su biyun, kuma muhawarar ta cancanci a tsaya a kanta, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi kowace al'umma mai yara da sojoji: yaushe ne ƙasa ke da ikon fara zawarcin yaro don aikin da zai iya cin ransa, kuma da izinin wa?

Yadda aka zo nan

Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa JROTC, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka ba ta ma shiga ba tukuna. A 1964 aka faɗaɗa shi ya haɗa da sojojin ruwa da na sama. Babbar bunƙasarsa ta zo bayan tarzomar birnin Los Angeles ta 1992, lokacin da Janar Colin Powell, shugaban hafsan hafsoshin sojin ƙasar, ya ga cewa matasan unguwannin talakawa na bukatar abin da zai riƙe su. Majalisa ta ɗaga adadin rassan da aka yarda a buɗe daga 1,600 zuwa 3,500. A yau ɗalibai kimanin rabin miliyan ne ke cikin shirin. Doka ta ce manufarsa ita ce cusa kishin ƙasa da ɗaukar nauyi da son yi wa jama'a hidima, kuma shigarsa ba ta wajabta wa kowa zama soja.

Batun ɗaukar kurata yana da nasa tarihin. A 1973, bayan ɗacin yaƙin Biyetnam, Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja. Daga ranar rundunar ta koma dogaro da masu kawo kansu, wanda ke nufin dole ta fita neman su, kuma babu inda matasa ke taruwa kamar makaranta. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata babbar dokar ilimi da ke ɗauke da wani sashe da mutane ƙalilan suka lura da shi da farko. Sashen ya ce duk makarantar sakandaren da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dole ta bai wa jami'an ɗaukar soja sunayen ɗalibai da adireshinsu da lambobin wayarsu idan sun nema, sai fa in iyaye sun ce a cire sunan ɗansu. Dole kuma ta buɗe musu ƙofa kamar yadda take buɗe wa jami'o'i da kamfanoni. Dokar da ta gaje ta a 2015, zamanin Barack Obama, ta bar wannan tanadi a raye.

Hujjar masu goyon baya

Masu kare shirin kan fara da abin da ido ke gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su, kuma akwai yaran da in ba a ajin JROTC ba, babu inda wani babba ke duba ko sun zo makaranta, ko sun yi aski, ko sun ci abinci. Tsohon sajen da ke koyar da su yakan zame musu uba. Ana koya musu zuwa a kan lokaci, da magana a gaban jama'a, da taimakon gaggawa, da tsarin mulkin ƙasa, da jagorantar 'yan'uwansu. Cibiyar bincike ta RAND ta duba ɗaliban jihohin Texas da Hawaii a wani rahoto na 2023, ta gano cewa waɗanda suka yi shekara huɗu a shirin sun fi takwarorinsu kammala sakandare, sun fi su zuwa aji, kuma ba a cika dakatar da su ba.

Sukan kuma ambaci Peter Wang, ɗan shekara 15. Ranar 14 ga Fabrairun 2018, da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 17 a wata sakandare da ke Parkland a jihar Florida, an harbe Wang sanye da kakinsa na JROTC yana riƙe da ƙofa don abokan karatunsa su tsere. Kwalejin soja ta West Point, wadda ya yi burin shiga, ta karrama shi da takardar shiga bayan rasuwarsa. Ga masu goyon baya, irin wannan hali ne shirin ke ginawa.

Hujja ta biyu ita ce ta hanyar ci gaba. Karatun jami'a a Amurka yana da tsadar gaske, bashin karatu da ke kan 'yan ƙasar ya haura dala tiriliyan 1.6. Wanda ya yi wa soja aiki na shekara uku kuwa, dokar tallafin tsoffin sojoji ta 2008 tana biya masa kuɗin jami'ar gwamnati ta jiharsa gaba ɗaya, da kuɗin haya da na littattafai. Tun yana bakin aiki yana da albashi da asibiti da sana'ar da ya koya, ko gyaran jirgi, ko aikin jinya, ko harkar kwamfuta. Powell kansa ɗan baƙi ne daga Jamaika da ya tashi a unguwar Bronx ta New York, kuma ta shirin horon soja na jami'a ya gano abin da ya iya, har ya kai ƙololuwa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: da wane dalili za a ɓoye wa ɗan talaka labarin wannan hanya, alhali ana barin jami'o'i masu tsada da kamfanoni su zo su tallata kansu?

Hujja ta uku ta ƙasa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rundunar da ba ta tilasta kowa dole ta sami masu shiga kowace shekara. A 2022 sojojin ƙasa na Amurka sun nemi kurata 60,000, suka rasa kimanin 15,000. Wani binciken ma'aikatar tsaro ya nuna cewa kashi 23 cikin ɗari kacal na matasa masu shekara 17 zuwa 24 ne suka cika sharuɗɗan shiga kai tsaye, sauran ƙiba ko rashin lafiya ko shaye-shaye ko wani laifi ya hana su. Ƙari a kan haka, kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga suna da wani ɗan'uwa da ya taɓa yin soja. Idan aka rufe ƙofar makarantu, in ji su, ɗayan biyu ne zai faru: ko aikin soja ya zama gadon wasu gidaje ƙalilan da sauran jama'a ba su san halin da suke ciki ba, ko a koma tilas. Suna kuma musanta zargin cewa talakawa kaɗai ake kwasa, domin alƙaluma sun nuna cewa akasarin kurata daga unguwannin masu matsakaicin ƙarfi suke fitowa.

Hujjar masu adawa

Masu adawa su ma da karin maganar iccen suke kafa hujja. Daidai saboda yana ɗanye ne, in ji su, bai kamata a miƙa shi ga mai bukatar tanƙwara shi don amfanin kansa ba. Dokar Amurka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba giya ko taba, saboda tana ganin hankalinsa bai gama nuna ba. Amma tana barin ɗan shekara 17 ya sa hannu a kwantiragin soja da yardar iyaye, ɗan 18 kuma shi kaɗai. Kwantiragin nan na shekara takwas ne idan aka haɗa lokacin aiki da na jiran kira, kuma a rubuce yake a ciki cewa doka na iya sauya albashi da alawus da sharuɗɗan aiki ba tare da sanarwa ba. A lokacin yaƙin Iraki an riƙe dubban sojoji bayan wa'adinsu ya cika. Sojojin Amurka sama da 4,400 suka mutu a Iraki, sama da 2,300 a Afganistan, ban da waɗanda suka dawo ba ƙafa, ko da taɓin ƙwaƙwalwar da ba ya warkewa. Ba a cika jin wannan ɓangare a bakin teburin ɗaukar kurata ba.

Jami'in da ke wannan tebur yana da adadin da aka ɗora masa ya kawo, kuma ci gabansa a aiki ya rataya a kai. A 2005, da yaƙi ya yi zafi masu shiga suka ragu, wani ɗalibi ɗan shekara 17 a jihar Colorado mai suna David McSwane, mai rubutu a jaridar makarantarsu, ya je wurin jami'an ɗaukar soja ya nuna kamar ya bar makaranta kuma yana shaye-shaye. Ya naɗi muryarsu suna koya masa yadda zai sami takardar shaidar karatu ta bogi da yadda zai tsallake gwajin ƙwaya. Labarin da ire-irensa suka sa rundunar ta dakatar da ɗaukar kurata na yini guda a faɗin ƙasar, ranar 20 ga Mayun 2005, don sake karantar da jami'anta ladubban aiki. A 2012 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Jama'a ta Amurka ta fito fili ta nemi a daina ɗaukar soja a makarantun gwamnati baki ɗaya.

Sai batun sirri. Dokar 2002 ta ɗauki shirun iyaye a matsayin yarda. Takardar cire suna takan ɓace cikin tarin takardun farkon zango, kuma uwar da ke aikin dare ko wadda ba ta jin Turanci sosai ita ce za ta fi saurin tsallake ta. Akwai kuma jarrabawar ASVAB, wadda soja ke shiryawa kyauta a makarantu da sunan taimaka wa ɗalibi ya gano sana'ar da ta dace da shi, alhali ita ce jarrabawar shiga soja, kuma sakamakon na iya zuwa hannun jami'an ɗauka. A 2010 jihar Maryland ta kafa dokar hana makarantunta miƙa sakamakon kai tsaye, ta zama ta farko da ta yi haka.

Game da JROTC kuwa, masu adawa ba su yarda cewa ba hanyar ɗaukar soja ba ce. A 2000 ministan tsaro William Cohen ya bayyana shi a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyawun hanyoyin samun kurata, manyan hafsoshi kuma suka shaida wa majalisa cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu kammala shirin suna shiga soja. Suna kuma nuna inda rassan suka taru. Wani binciken RAND na 2017 ya tabbatar da cewa sun fi yawa a kudu maso gabashin ƙasar da makarantun da ke cike da 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Birnin Chicago ma yana da makarantun sakandare na gwamnati da aka tsara su kacokan bisa salon soja. A Disambar 2022 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa makarantu da dama suna jefa ɗalibai cikin shirin ba tare da sun nema ba. A sakandaren Pershing da ke Detroit, ɗaliban da suka nemi fita an ce musu wajibi ne. Watanni kaɗan kafin nan jaridar ta gano cewa aƙalla malaman JROTC 33 aka gurfanar cikin shekara biyar bisa zargin lalata da ɗalibai, abin da ya nuna cewa tsakanin makaranta da rundunar soja an bar su babu mai sa musu ido sosai. Ko labarin Parkland yana da wata fuska: wanda ya yi kisan shi ma ya taɓa zama ɗan JROTC a makarantar, yana cikin ƙungiyar koyon harbi da bindigar iska.

A ƙarshe akwai tambayar mece ce makaranta. Aikinta ta koya wa yaro ya tambayi dalili, ya auna hujja, ya iya cewa bai yarda ba. Aikin bariki ya koya masa bin umarni nan take. Kowanne yana da muhallinsa, amma masu adawa suna ganin haɗa su a rufi ɗaya yana raunana na farkon, musamman tunda hukumar makaranta ce ke biyan wani kaso na albashin malaman sojan daga kuɗin da zai iya ɗaukar malamin lissafi ko mai ba ɗalibai shawara.

Darasin San Francisco

Babu inda ɓangarorin biyu suka gwabza kamar San Francisco, birnin da ya yi suna wajen ƙin yaƙi. A Nuwamban 2006 hukumar ilimin birnin ta kaɗa ƙuri'ar soke JROTC. Waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya a kan hukuncin su ne ɗaliban shirin da iyayensu, akasarinsu 'yan asalin Asiya, suna cewa an ƙwace musu abin da ya amfane su ba tare da an ba su madadinsa ba. A 2008 aka kai batun gaban masu zaɓe, mafi rinjaye suka ce a bar shi, a 2009 hukumar ta mayar da shi. Wannan labari ya kamata ya tsayar da duk mai son a share shirin da alƙalami ɗaya. Yaran da ake cewa ana karewa suna da bakin magana, kuma da yawansu sun ce suna so.

Inda na tsaya

Da na auna hujjojin, abin da ya bayyana mini shi ne an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato horo da ɗauka. Kowanne da hukuncinsa.

Horon yana da alheri na gaske, ko da yake ya kamata a karanta alƙalumansa da hankali, domin yaron da ya jure shekara huɗu a kowane irin shiri mai yiwuwa dama mai juriya ne. Duk da haka ban ga dalilin hana ɗalibin da ya zaɓa da kansa ba. Sharaɗin shi ne zaɓin ya zama na gaskiya. Abin da ya faru a Detroit cin amana ne, domin shirin da ke koyar da mutunci ba ya fara da tilas da ɓoye-ɓoye. Malamansa su bi tantancewar da kowane malami ke bi, su kasance ƙarƙashin idon shugaban makaranta, kuma rundunar ta daina musun cewa tana amfana da shi wajen samun kurata. Mu nan mun san makarantun soja, ga ta Zariya da aka kafa a 1954, ga takwararta a Yamai. Amma uban da ya kai ɗansa can ya san inda ya kai shi, ya cika takarda da hannunsa, ya ga bariki da idonsa. Matsalar Amurka ita ce soja ne ke zuwa makarantar kowa da kowa, inda doka ta wajabta wa yaro zama, don haka nauyin neman izini ya fi yawa a kansa.

A batun ɗauka kuwa, masu adawa sun fi gaskiya. Hujjar cewa jami'o'i da kamfanoni ma suna shiga ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin wanda ya shiga jami'a ya ga ba ta yi masa ba yana iya tattara kayansa ya tafi, wanda ya bar soja ba izini kuwa kotun soja ke jiransa. Alkawarin da ya fi nauyi ya fi bukatar kariya. Kada a miƙa sunan yaro ko sakamakon jarrabawarsa sai iyaye sun rubuta sun amince. Jami'in ɗauka ya zo a ranar baje kolin sana'o'i tare da kowa, a gaban malamai, maimakon ya mayar da ɗakin cin abinci ofishinsa. Duk ɗan ƙasa da shekara 18 da za a zauna da shi, a zauna da waliyyinsa. A karanta masa kwantiragin gaba ɗaya, da shekaru takwas ɗin, da yiwuwar zuwa fagen fama, kamar yadda ake karanta masa kuɗin jami'a. Ƙarancin kurata irin na 2022 matsala ce ta gaske, amma maganinta yana wurin manya: albashi mai kyau, kula da tsoffin sojoji, da shugabannin da ba sa tura 'ya'yan mutane yaƙin da ba su iya bayyana dalilinsa ba. Iyayen da suka ga yadda aka ƙare a Iraki da Afganistan suna da dalilin yin ɗari-ɗari, kuma amincewarsu ce ya kamata a nema.

Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Gaskiya ne aikin soja ya ɗaga gidaje da yawa daga talauci, kuma aiki ne mai daraja ga wanda ya zaɓe shi da buɗaɗɗen ido. Amma a makarantar masu hali, kakin soja hanya ɗaya ce cikin goma da aka shimfiɗa wa ɗalibi. A makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da isassun masu ba da shawara, ba ta da shirin koyon sana'a, sajen da ke bakin ƙofa yana iya zama shi kaɗai ne babban da ya taɓa tambayar yaro burinsa. Laifin wannan ba na sajen ba ne, na ƙasar da ta bar shi shi kaɗai a wurin ne. Duk gwamnatin da ke da kuɗin tura jami'in ɗaukar soja makarantar talakawa tana da kuɗin tura malamin kimiyya da mai koyar da sana'a da tallafin karatu. Ta fara tura su, sannan ta nemi yaron ya yi mata hidima. Idan ya ga hanyoyin duka, ya san farashin kowacce, iyayensa na gefensa, ya ce soja yake so, to wannan zaɓi nasa ne kuma ya cancanci girmamawa. Kafin a kai nan, ƙasar tana karɓar abu mafi tsada daga hannun waɗanda ta bai wa mafi ƙaranci, kuma wannan bashi ne da ya wajaba ta biya.